Ƙofar da Ta Koma Arewa

Ranar da sakamakon zaɓe ya iso Kahu, ko kokon safe bai gama hucewa ba gari ya ɗauki zafi. Shekarar nan ce da ake ta cewa baɗi Turawa za su tattara nasu ya nasu su tafi, aka kuma ce a zaɓi wakilin da zai zauna a majalisa a Rano. Mutum biyu suka tsaya. Akwai Malam Gwadabe, mai makarantar allo a bakin kasuwa, wanda aka ba alamar tulu, sai Sharu Ishiyaku, mai sayen gyaɗa, wanda aka ba alamar fitila. Duk wanda ya san Kahu ya san ta Malam ce. Shi ya raɗa wa rabin garin suna, shi ya yi wa iyayen sauran salla. Amma da ɗan aike ya sauko daga keke ya faɗi abin da aka ƙirga a Rano, sai ga akwatin fitila na Kahu cike taf, na tulu kuwa ko ƙasansa bai rufu ba. Da ƙuri'un Kahu Sharu ya ci zaɓe.

Zaɓen wancan zamani ba irin na yanzu ba ne. Rumfa ake yi da zana, a sa benci gicciye a tsakiya, a kafe akwatin kowane ɗan takara a kai da ƙusa, a liƙa hoton alamarsa a kan murfi. Mutum ya karɓi takardarsa a waje, ya shiga shi kaɗai, ya jefa ya fito. To, manoman Kahu da yawansu ba su taɓa ganin abu a zane a kan takarda ba, ga duhun rumfa, ga idon tsufa. Saboda haka da aka kafe akwatuna a jajiberin zaɓe, tulu ya faɗo hannun daman mai shigowa, mutanen Malam suka ce Allah ya yanke musu wahala. Suka bi gida-gida suna cewa kada kowa ya wahalar da idonsa, ya shiga da bismilla, ya miƙa hannun dama, ya fito. Bahaushe ko goro ba ya miƙawa da hagu, balle amana.

Malam Gwadabe bai wuni a Kahu ranar zaɓe ba, domin a Unguwar Gai aka rubuta sunansa. Da ya ji labari ya zo filin ƙofar gidan mai gari inda rumfar take, ya tsaya a gabanta yana duban ƙofarta. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba:

"Shekaranjiya da aka kafe akwatunan nan a kan idona, ƙofar nan kudu take kallo."

Yanzu kuwa arewa take kallo, wajen tsamiya. Mutane sun gan ta haka da safen zaɓe, har suka yaba wa hukuma da ta tuna musu da inuwar yin layi. Babu wanda ya kawo a ransa cewa wanda ya shiga ta arewa, abin da ke damansa shi ne fitila. Ba a taɓa akwati ba, ba a ɓalle hatimi ba, ba a doki kowa ba. Da hannunsu na dama, da bismillarsu, suka kayar da malaminsu.

*

Kafin hantsi an samo mai laifi, domin gari in ya fusata ba ya jira. Manu ne, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a bayan gari da 'yan shanunsa. Shi aka ba gadin rumfar a jajiberin zaɓe, saboda ba ya tulu ba ya fitila, sunansa ma ba ya cikin masu jefa ƙuri'a. Abin da ya sa aka yarda da shi shekaranjiya, shi ya sa aka ɗaure shi yau: ba shi da kowa a gari. Matasa suka ɗaure shi a jikin turken dokin mai gari, wani ya ƙwace masa sanda, wani ya ce dama Sharu yana sayen nono a wajensu. Mai gari ya ce da la'asar ɗan doka zai zo ya tafi da shi gaban alƙali a Rano, daga can kuwa kowa ya san hanyar gidan yari ce.

A nan Baffa ya miƙe. Tsohon maharbi ne kuma mai bin sawu, wanda a zamaninsa ake ɗauka tun daga Kibiya har Rurum in an saci dabba. Tun da hukuma ta karɓe masa bindigarsa saboda rashin lasin ya zauna gida, ya bar wa ɗan wansa Mato sana'ar. Baffa ne wakilin Malam a bakin rumfa ranar zaɓe. Da aka tambaye shi yadda aka yi bai lura ba, ya dafe kai ya ce ya zo ya tarar da ƙofar haka, ya ɗauka malamin zaɓe ne ya sa a juya ta, kansa kuwa bai kawo maganar dama da hagu ba. Ya ce tsufa ba ta da daɗi. Mutane suka tausaya masa.

"Amma kada a kai mutum Rano babu shaida," in ji shi. "A kira Mato ya duba ƙasa."

Mato yana gindin tsamiya yana jin komai. Ƙirarsa ɗaya ce da ta sauran mutane, sai dai shi ƙasa yake kallo in yana tafiya, har mata na cewa ya jefar da allura tun yana yaro bai gane ta ba. Maraya ya tashi a gidan Baffa. Baffa ne ya yi masa kaciya, ya yi masa aure, ya koya masa bambanta sawun jakin da ke ɗauke da kaya da na wanda ke kiwo. Da ya ji tsohon ya ambaci sunansa a gaban jama'a, har ga Allah daɗi ya ji.

*

Sa'ar da ya ci ita ce igiya. Tun jajibere ɗan doka ya kewaye rumfar da igiya don kada wani ya laɓe a bayan zana ya riƙa raɗa wa masu shiga, mai gari kuma ya hana kowa tsallake ta. Wajen arewa dai ba abin karantawa, gari duka ya taka. Mato ya zagaya kudu, ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya ga inda aka rufe tsohuwar ƙofa da zanar da aka ciro daga arewa, an ɗaure ta tsaf da rama. A gefen gabas ya ga sawun Manu, faffaɗan takalmin fata da tsinin sanda a gefensa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar yadda mai gadi ke yi. A gefen yamma kuma ya ga layin tayar keke. A gaban tsohuwar ƙofa kuwa babu sawun ɗan Adam, sai tonon kaji.

Keken ya fara bi, domin a Kahu Sharu Ishiyaku da yaransa ne masu kekuna. Sai dai tayar tana da faci a wuri ɗaya, facin kuma ya kai shi zauren baƙi na mai gari, inda malamin zaɓe ke zaune ya yi tsuru-tsuru, an dawo da shi daga Rano ba shiri. Saurayi ne mai ladabi, duk jikinsa ya yi sanyi. Ya ce kekensa ne, ya jingine shi a jikin rumfar ranar da aka kafe akwatuna. Rumfuna da yawa ke hannunsa, duk zana ce, duk kamarsu ɗaya. Da safen zaɓe ya leƙa ya ga hatimi lafiya, ƙusa lafiya, abin da aka ce ya duba ke nan. Ya yi rantsuwa babu wanda ya taɓa gaya masa ƙofa ma tana iya zaɓe. Mato ya yarda da shi.

*

Ya tarar da Sharu Ishiyaku a rumfar sikelinsa, ana ta zuwa yi masa barka, mafi yawa mutanen da jiya suka rantse ba za su zaɓe shi ba. Mutum ne mai fara'a da yawan kyautar goro, irin wanda in ya yi maka murmushi sai ka laluba aljihunka. Ya ce tun jajibere yake Kibiya wajen surukansa, ga shaidu nan rututu, yaransa ma duk tare suka kwana. Mato ya duba ƙafafun yaran ɗaya bayan ɗaya, ya duba tayoyinsu, bai ga abin da ya gani a filin ba.

"Malam Mato," in ji Sharu, yana miƙa masa goro, "ni baƙo ne a wannan magana. Allah ya ba ni, na karɓa. Amma ai ka ji masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari."

Mato bai karɓi goron ba. Ya fito yana jin haushin mutumin, yana kuma jin haushin kansa, domin ya san maganar na iya zama gaskiya.

*

Manu yana nan inda aka bar shi, rana ta taso masa, leɓensa ya bushe. Mato ya sa aka ba shi ruwa, ya tsuguna kusa da shi, suka gaisa kamar a kasuwa suka haɗu. Ya tambaye shi ko ya yi barci, ya ce idonsa biyu har aka yi kiran salla. Ya tambaye shi ko da kiran sallar ƙofar tana kudu, ya ce tana kudu. Ya ce daga nan ya tafi ya yi alwala ya yi salla, ya wuce ya taya iyalinsa tatsa, da ya dawo rana ta fito ya ga har an fara layi a gindin tsamiya.

"Baba Manu, na san ka. Ko ɗan maraƙi ba ka bari ba mai tsaro. Wa ka bar wa rumfar?"

Tsohon ya kawar da kai ya kalli turken.

"Da la'asar za a tafi da kai Rano. In ka shiga gidan yari da shekarunka, ba lallai ka fito ba. Shanunka kuwa ka san abin da za a yi da su."

"Na sani."

"To, faɗa min."

"Akwai wanda ya taɓa yi mini rana," in ji Manu. "Bakina ba zai kira sunansa a gaban mutane ba. In Allah ya so a sani, ba sai da ni ba."

Mato ya san filako, kunya da karar Fulani. Bafulatani in ya ce haka, ko wuta za a sa masa ba zai ƙara ba. Ya tashi ransa a ɓace, yana tunanin wane ne wannan da ake rufa wa asiri da rai guda, shi kuma yana nan cikin gari yana kallo.

*

Ya koma kudun rumfa ya sake tsugunawa. Abin da ya dame shi tun farko shi ne rashin sawu. Mutum ba ya ɗaure zana yana shawagi a iska, dole ya tsaya, ya dage, diddigensa ya nutse. In kuma ya share, tsintsiya ko reshe suna barin layi, wannan ko yaro ya sani. A nan babu diddige, babu layi, sai tonon kaji. Ya bi tonon da ido, ya ga bai bazu ko'ina ba kamar yadda kaji ke kiwo. Ya taru ne daga bakin tsohuwar ƙofa, ya miƙe siriri har bakin igiya, daidai faɗin tafiyar mutum ɗaya. Ya sa yatsa ya tona a gindin zanar, ya fito da 'yan ƙwayoyin gero da bakin kaza bai kai gare su ba.

Gidan da ke kusa na wata bazawara ce mai ƙosai, Ramatu. Ta leƙo ta kan danga tana cewa da an bar mata sun yi zaɓen nan da ba a yi wannan abin kunya ba, domin mace ba ta zuba abu a tukunya sai ta duba. Mato ya tambaye ta kajinta. Ta ce ai jiya abin mamaki suka yi mata. Gari na fara wayewa suka sauko suka yi waje a guje, da ta watsa musu dusa daga baya ko kallonta ba su yi ba, ƙundunsu cike. Ta ɗauka wani ne ya yi sadaka saboda zaɓe.

Mato bai ji ƙarshen maganarta ba. Ya tuna wata rana yana saurayi, suna dawowa daga Rurum shi da Baffa bayan sun kamo ɓarawon jaki, ya tambaye shi ko akwai yadda za a yi a ɓatar da mai bin sawu. Baffa ya yi dariya ya ce akwai hanya ɗaya, shi da kansa ya tsaro ta. Ka share sawunka da reshe, sannan ka watsa tsaba a kan sharar, kaji su sauko su goge maka sawun reshen. Ya ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa, har matarsa, domin ran da ɓarayi suka ji, ran nan sana'arsu ta mutu. Mato bai taɓa faɗa ba.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya nemi wata fassarar ta ko'ina, kamar mai neman fita daga rijiya. Ya ce wataƙila wani ma ya yi wannan tunani, duniya da faɗi. Sai ya tuna shekarar da aka kore wa Manu shanu gaba ɗaya, da wanda ya bi su har bakin dajin kudu ya dawo da su bai karɓi ko ƙwaryar nono ba. Baffa ne.

*

Da azahar ya shiga gidan da ya girma a ciki. Baffa yana masallaci. Inna Kulu, matar Baffa, wadda ta goya shi tun bai iya tafiya ba, tana tsakar gida tana sussuka. Ta yi murna da ganinsa, ta ce tun safe yake yawo a rana kamar marar gata, ta dama masa fura ta tsaya a kansa sai ya sha. Ya sha, ba ya jin ɗanɗanonta. Ya yaba geron, ya ce na bana ya yi kyau, sai dai a riƙa lura da ɓeraye. Shi kansa ya ji ƙyamar yadda maganar ta fito masa sumul.

"Wane ɓera?" in ji ta tana dariya. "Babban ɓeran gidan nan ai Baffanka ne. Jiya da asuba na surfa gero na ajiye, ya ɗebi ƙoƙo guda ya zuba a aljihu, ya ɗauki ramar da nake ɗaure itace, wai zai yi sadaka don Malam ya ci. Ka ga sadakar da ta karɓu."

Mato ya ajiye ludayi ya yi mata godiya. Ta bi shi har zaure tana cewa ya turo mata yara su kwana biyu.

*

A lungun masallaci suka haɗu da Baffa, ana ta ɗunguma zuwa ƙofar mai gari. Baffa ya riƙe masa hannun riga har mutane suka wuce, sannan ya tambaye shi abin da ƙasa ta ce.

"Kaji na gani, Baffa."

Tsohon bai girgiza ba. Ya ce kaji ba sa ba da shaida a gaban alƙali. Ya ce Sharu ya dafa Alƙur'ani cewa in ya hau zai karɓo masa bindigarsa. Ya ce Mato ba zai gane ba, tun ranar da aka fita da ita daga ɗakinsa shi ba kowa ba ne, yara ma sun daina tsugunawa in za su gaishe shi. Majalisa kuwa, Malam ya je ko Sharu ya je, dawa ba za ta ƙara tsawo ba.

"Manu fa?"

"'Yan watanni ne ya fito. Ni zan kula masa da shanu. Ka ce ƙasa ta rikice, ba ka ga komai ba. Babu wanda zai ƙaryata ka."

"Shi ya sa ka ce a kira ni?"

"To wa zan kira? Bare?"

Wannan kalmar ce ta fi ci wa Mato rai, fiye da ƙofar, fiye da zaɓen. Da safe ya ɗauka gwanintarsa aka kira. Ashe kunyarsa aka kira. Tsohon ya auna shi kamar yadda ake auna dabba, ya san zai gani, ya kuma yi imani zai yi shiru.

*

Da la'asar kowa ya hallara. Mai gari yana kan buzu, malamin zaɓe a gefensa, ɗan doka a tsaye da igiya a hannu. An kawo Manu an zaunar. Sharu ya zo da jama'arsa, Malam Gwadabe yana jan carbi, Baffa kuwa ya zauna a dama da Malam kamar kullum.

Mato ya fara da wanke waɗanda ƙasa ta wanke. Ya ce keken na malamin zaɓe ne kuma tsohon sawu ne, yaran Sharu ba su taka wajen ba, sawun Manu kuma bai kusanci ƙofar ba. Ya bayyana tonon kajin da geron, ya ce kaji ba sa saukowa sai gari ya fara wayewa, don haka bayan kiran salla aka yi aikin, lokacin da Manu ya bar rumfar a hannun mutumin da ya yarda da shi. Sannan ya tsaya. Ya ce mutumin yana wajen nan, kuma babba ne, yana roƙonsa don Allah ya faɗa da bakinsa. Ya jira. Babu abin da ake ji sai ƙarar carbin Malam. Baffa yana kallon gabansa, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Matasa suka fara gunaguni, wani ya ce almara ce, a tafi da Bafulatani kawai. Ɗan doka ya matso kusa da Manu. Mai gari ya ce shi ba ya hukunci da kaza, in akwai suna a faɗa, in kuma gero ne shaida, a faɗi gidan da ya fito.

"Ranka ya daɗe, daga gidanmu ya fito," in ji Mato. "Inna Kulu ce ta surfa shi. Ramar da aka ɗaure zanar ma tata ce, a je a kwance a kai mata za ta gane abarta. Baffana ne ya juya ƙofar."

Salati ya tashi. Mai gari ya juya ga Manu ya tambaye shi ko haka ne. Manu ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba, kowa kuma ya ji amsar. Baffa ya kalli Sharu, kallon mai neman a ce wani abu. Sharu ya ɗaga hannu biyu ya ce shi dai ya roƙi kowa taimako kamar yadda kowane ɗan takara ke yi, bai taɓa ce wa wani ya taɓa zana ba, maganar bindiga kuwa yanzu ya fara ji, alhali babu wanda ya ambaci bindiga a wajen. Ya kakkaɓe rigarsa ya matsa gefe.

Malam Gwadabe bai yi fushi a fili ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi tsohon da ke zaune a damansa ya ce:

"Kuma ka tsaya a bakin ƙofar tun safe har yamma kana ce musu dama."

Malamin zaɓe ya ce zai kai magana gaba, amma bai ɓoye musu ba, tun da hatimi bai ɓalle ba, kowa kuma da hannunsa ya jefa, da wuya a sake zaɓe. Haka kuwa aka yi, ihu bayan hari. Aka kwance Manu aka mayar masa da sandarsa. Bai kalli Mato ba, balle ya gode masa. Igiyar da aka kawo dominsa mai gari ya hana a sa wa Baffa saboda furfurarsa, sai ɗan doka ya sa shi a gaba kawai, suka kama hanyar Rano. Da Baffa ya zo giftawa ta gaban Mato bai tsaya ba, bai kuma juyo ba.

*

Ana gab da magariba Mato ya je gidan, domin dole wani ya kai wa tsohon bargo da buta. Labari ya riga shi isa. Inna Kulu tana tsaye a zaure da kayan a ƙulle, ta miƙa masa ba ta bari hannunsu ya haɗu ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta dube shi kamar yadda ake duban baƙon da aka taɓa gani a wani wuri.

"Abin da Baffanka ya yi, tsakaninsa da Allah," in ji ta. "Ni abu ɗaya nake so ka gaya min. Ɗazu da ka shigo na dama maka fura, gaishe ni ka zo yi, ko sawu ka biyo?"

Mato ya rungume ƙunshin ya kalli ƙasa. Ta jira shi kaɗan, sannan ta koma ciki ta saki asabari.